Kwana Sittin Ina Jiran Darma

Ranar Laraba, kwana uku da sauka

Baban yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardata za ta same ka lafiya kamar yadda na bar ka. Yaya gwiwar? Yaya aikin shago? Yaya Babba da maigidanta, yaya Auta? Ka gaishe mini da su duka.

Na sauka lafiya. Na cika alkawari, ga wasiƙa, tunda injin yankan katako ya cinye maka kunne, in na kira waya sai "na'am?" da "me kika ce?" har mu rabu ba wanda ya ji wani.

Baban yara, ban san ta inda zan fara ba! Daga waje ginin da ake binciken ba shi da wani kyau, dogo ne kamar sito. Amma ciki! Ƙofar ɗakin injin kankare ce, kaurinta ya fi tsawon hannunka, kan taya take tafiya. An rataya mini wani ɗan kati a ƙirji mai auna tururin injin da ya shiga jikina, don haka ka kwantar da hankalinka, ana lura. Farfesa, wato shugaban aikin, shi ya tarye ni da kansa. Dogon mutum ne mai saurin tafiya, ina bin sa ina haki. Da muka shiga ɗakin da ake juya injin ya tsayar da kowa, ya ɗaga wata tsohuwar mujalla, ya ce, "Ga mai takardar da ta tara mu nan." Suka tafa. Ni da na shekara ashirin da biyu ina koya wa 'yan sakandare yadda ake auna gudun mota! Na daure na yi murmushi, daga baya na nemi banɗaki na yi kukana na wanke fuska.

Shekara ashirin da shida ke nan da na rubuta takardar nan, ina da cikin Babba. Ba ka taɓa tambayata abin da ke cikinta ba, iyaka ka ce, "An karɓa?" na ce an karɓa, ka ce madalla. To yau sai ka ji, ko kana so ko ba ka so.

Kowace ƙwayar zarra tana da cibiya, a nan duk nauyinta yake. Akwai sinadarai a can ƙarshen jadawalin da ke manne a bangon ajina waɗanda nauyinsu ya wuce kima, har ba a samun su a ƙasa, sai dai a ƙera su. Haka ake yi a nan. Injin yana harba cibiyoyi marasa nauyi, biliyoyi a kowace daƙiƙa, su bugi wani fallen ƙarfe da ya fi fatar albasa sirantaka, an liƙa shi a faifai mai juyawa don kada ya ƙone. Kusan duka wucewa suke yi. Sai a yi mako guda ana harbi kafin biyu su manne su zama ƙwaya ɗaya tak. Ita kuma kafin ka ƙifta ido ta rushe.

Yadda take rushewa shi ne maganar. An san hanya biyu: ko ta tofar da ɗan ƙaramin gutsure da muke kira alfa, ko ta tsage biyu yadda ta ga dama. Akwai ta uku, wadda aka taɓa gani a radiyam: ya jefar da curi guda na kabon, abin da ya rage ya zama darma. Amma a can sai an yi alfa kamar sau biliyan kafin a ga curi ɗaya. Ni na yi lissafi na ce a waɗannan masu mugun nauyin abin ba zai yi wuya haka ba. Za su jefar da ƙaton curi, darma ta rage cif. Ka san yadda katako mai ƙulli yake, duk inda ka sa gatari sai ya tsage ya kewaye ƙullin ya bar shi dunƙule? Darma ita ce ƙullin. Ba wanda ya taɓa ganin haka a cikinsu. An ba mu injin kwana sittin mu gani.

Ɗakina ƙarami ne, gado da kujera da taga mai kallon wurin ajiye kekuna. Ina cin abinci, kada ka damu. Kai ma ka ci, ban da tsallake na rana.

Ka huta lafiya.

Taka,
Malama


Ranar Lahadi

Baban yara,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kana lafiya, gwiwa ta yi sauƙi. Takardarka ta zo jiya, na karanta ta sau uku. Ka ce kai dai ka gane maganar ƙulli, sauran kuwa Allah ya ba da sa'a. Amin, wannan ma ya isa.

An kunna injin! Amma kafin nan sai da aka yi taron da ya kusa zama dambe, kuma matarka ce ta yi nasara. Bari in ba ka labari.

Sinadarin da muke ƙerawa yana fitowa iri biyu, ɗaya ya ɗara ɗaya nauyi da ƙwayar nutron guda, irin ƙananan ƙwayoyin da ke cikin cibiya. Ma'aikatan nan suna ce musu Wa da Ƙane. In an sassauta harbin, Wan ake samu. In an ƙara ƙarfi, Ƙanen. Ba a iya yin duka biyun lokaci ɗaya, dole a zaɓa. Ƙanen ya fi sauƙin samu, kamar biyu a mako, Wan kuwa ɗaya. Amma lissafina ya ce cikin kowane Wa uku ɗaya zai jefa curi. Saboda haka na ce Wan.

Akwai wata yarinya a nan, ita ce mai lissafinsu, kowa Dakta yake ce mata. Ba ta girmi Babba ba. Siririya ce, ba ta dariya, ba ta sauri, magana ɗaya-ɗaya kamar ana cire mata haƙori. Tun ranar da na zo take gaishe ni da ladabi, amma na lura tana kallon tsohon littafina mai baƙin bango kamar yadda Auta ke kallon rediyonka. Ita ta ce Ƙanen. Kwamfutarta ta yi wata uku tana aiki, ta ce mata ɗaya cikin goma a Ƙane, a Wa kuwa ba ta ga abin kirki ba.

Na tashi na je allo. Baban yara, ka san ni da alli! Na manta da farfesoshi ne a gabana, na mai da su 'yan aji uku. Na zana, na goge, na kawo misali, har na ce wa wani mai furfura, "Kai na baya, kana bi?" Ɗakin ya fashe da dariya. Da na gama Farfesa ya tambaye ni, "Malama, lambobin nan kin sabunta su da awon da aka yi bayan takardarki?" Na ce eh, na duba. Ya dubi Dakta, ta sunkuyar da kai ta ce, "Yadda kuka gani." Aka tsayar da Wan.

Yanzu aikinmu jira. Akwai wani akwati a ƙarshen injin, cikinsa an jera idanu na lantarki ta kowane gefe. Ƙwaya in ta faɗa ciki ta rushe, su za su auna gutsattsarin, su faɗi nauyin kowanne da ƙarfin da ya fita da shi. Mai juya injin wani dattijo ne da ake kira Mai Maɓalli, shekararsa talatin a kujerar, bana zai ajiye aiki. Ya ɗaure ƙararrawar keke a gefen teburinsa, ya ce duk sanda ƙwaya ta sauka zai kaɗa. Ranar Juma'a da hantsi muka ji ƙirrr! Na zubar da shayi a zanena ina gudu. Ta farko ke nan, ta rayu ƙasa da ƙiftawar ido, ta tofar da alfa ta tafi. Ba curi ba ne, amma ni ko a jikina. Abin da na rubuta a takarda ina yarinya, ga shi na gan shi da idona ya zo duniya ya koma! Na kama hannun Mai Maɓalli ina girgizawa har ya ce, "Malama, da shi nake aiki fa."

Ka ce wa Babba ta daina aiko mini da saƙon in sa rigar sanyi, ɗakin injin ne kawai ke da sanyi. Ka yi mini addu'a.

Taka,
Malama


Ranar Litinin, kwana goma sha bakwai da kunna inji

Baban yara,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ni jikina lafiya, amma wannan takardar ba irin na baya ba ce, kuma kada ka nuna wa yara.

Na yi abin kunya.

Ka tuna na ce Farfesa ya tambaye ni ko na sabunta lambobina, na ce eh? Ban sabunta ba. Da takardar gayyata ta zo na buɗe littafin, na bi lissafin layi-layi, na ga ba kuskure, na rufe. Amma ba abin da ya tambaya ke nan ba, kuma na san ba shi ba ne. Lokacin da na yi aikin nan ba wanda ya taɓa ƙera sinadarin, nauyinsa ƙiyasi aka yi. Daga baya an samu awo mafi kyau. Ya kamata in nemo sabon in sa. A gaban allon nan, da tafin da aka yi mini, da yarinyar nan tana kallona, sai na ji ba zan iya cewa "ban duba ba". Na ce a raina bambancin ba zai taka kara ya karya ba.

Ranar Asabar da safe ƙwaya ta biyu ta sauka, ita ma alfa. Ba wani abu ba ne, biyu ba sa nuna komai. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Na tafi ɗakin karatu na ɗauko sabon jadawalin awo, na sa lambar. Bambancin ɗan mitsitsi ne, a gurbi na uku bayan ɗigo. Sai dai wannan lissafi kamar ma'aunin zinariya yake, ka taɓa kaɗan ya karkata gaba ɗaya. Ɗaya cikin uku ya koma ɗaya cikin hamsin. Na sake, na sake, har sau huɗu. Hamsin. Mu da za mu samu ƙwaya takwas ko tara a duk kwanakin.

Na rufe littafin na zauna a wurin. Ba zan ɓoye maka ba, na yi tunanin in yi shiru. Wa zai sani? A gama kwana sittin ba a ga komai ba, a ce ba a dace ba, in dawo gida da mutuncina. Na yi wunin Asabar da Lahadi da wannan tunanin. Abin da ya hana ni shi ne Mai Maɓalli. Jiya da rana na same shi yana cin abincinsa a kan teburin injin don kada ya matsa, ya ce mini, "Malama, ina so in ga curin nan naki kafin in tafi gida." A nan na san ba zan iya yin shiru ba.

Yau da safe na buga ƙofar Farfesa. Na ajiye masa takardu biyu, tsohuwa da sabuwa, na faɗa masa komai, har da cewa da ya tambaye ni ban faɗi gaskiya ba. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya duba takardun, sannan ya ce, "Kwana goma sha bakwai, Malama. Shekara huɗu na yi ina roƙon kwanakin nan." Na ce na sani. Na ce in ya ga dama in tattara kayana. Ya ce, "Ki fara faɗa wa mutane tukuna."

Na faɗa musu, a gaban allon da na yi burga. Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Mai furfurar nan ya tashi ya fita. An yanke a koma Ƙanen, sake saita injin zai ci kwana biyu.

Da kowa ya watse ina goge allo, sai ga Dakta a bayana. Na ɗauka ta zo ta ce da ma ta faɗa. Ta ce, "Mama, littafin nan naki, za ki ara mini?" Na ce me za ki yi da shi, ai kin ga inda ya kai mu. Ta ce, "Lamba ɗaya ce ta tsufa, ba hanyar ba. Kwamfutata tana ba ni amsa, amma ba ta gaya mini dalili. Ke kin san dalili." Na miƙa mata.

Ban sani ba ko zan ƙarasa kwanakin. Farfesa bai ce in tafi ba, bai ce in zauna ba. Ina so in ji ta bakinka.

Matarka,
Malama


Ranar Alhamis, kwana arba'in da ɗaya

Baban yara,

Gaisuwa mai yawa. Yaya kake, yaya yara? Na ji daɗi da ka ce likita ya sauya maka maganin gwiwa. Ka sha shi yadda aka ce, ba yadda ka ga dama ba.

Amsarka ta zo, layi huɗu. Ka ce wanda ya yanka katako ba daidai ba ba ya barin shago, tsayawa yake ya gyara, kuma in na dawo kafin kwana sittin ba za ka zo tasha ba. Na yi dariya har da hawaye. Ina nan, ban tafi ba.

Baban yara, kwanakin nan su ne mafi daɗi da na yi tun zuwana, ka ji abin mamaki! Ni da Dakta mun mamaye wani ɗan ofis a ƙarshen baranda, mai allo biyu da fanka mai ƙara. Ita da kwamfuta, ni da alli. Ni in ce abu kaza ya kamata ya faru, ita ta sa wa injinta ya gwada. Wani lokaci ta kama ni, wani lokaci in kama ta. Shekaranjiya na gano ta ɗauki cibiyar kamar ƙwallo alhali ta fi kama da ƙwai, ta dafe kai ta ce, "Wata uku!" sannan ta yi dariya. Ashe tana da wushirya! Wata guda da rabi ban sani ba.

Ƙwaƙwalwata da na ɗauka ta yi tsatsa, wallahi tana nan. Da safe ina tashi da lissafi a bakina. Jiya a layin abinci na rubuta abu a bayan hannuna don kada ya gudu.

Mun gama, mun rubuta lambobi uku a saman babban allon ɗakin da ake juya injin, muka zagaye su da jan alli: nauyin darma, nauyin curin, da ƙarfin da za su rabu da shi. Muka sa hannu mu biyu a ƙasa. Wannan karon kowace lamba na san inda ta fito, na duba ta da idona. In abin zai zo, haka zai zo. In ya zo da wata kama, to mun faɗi, kuma kowa zai gani.

Ƙararrawar keke ta yi ƙara sau shida tun da aka koma Ƙanen. Biyar alfa, ɗaya ta tsage biyu yadda ta ga dama. Kowane ƙirrr sai na ruga in duba. Saura kwana goma sha tara, wato ƙwaya biyar ko shida. Lissafinmu ya ce ɗaya cikin goma, ka ga ke nan ana iya gamawa ba a ga komai ba. Kwanakin da na ɓatar suna damuna duk sanda na ƙirga. Farfesa yana amsa gaisuwata, iyakarta ke nan.

Na zama kamar mai gadin allon kwamfuta. Tun safe har a tashi ina kujerar kusa da Mai Maɓalli, ya ce in na ƙara mako guda zai koya mini juya injin ya yi tafiyarsa.

Bari in tsaya, in kai wannan gidan waya gobe da safe.

Taka,
Malama


Ranar Juma'a da yamma

Baban yara!

Sallama, gaisuwa, ina fata kowa lafiya, ka yafe mini gajeriyar gaisuwa. YA ZO!

Kuma laifinka ne ban gani ba! Kwana arba'in da ɗaya ina gadin allon nan, yau na ce bari in fita minti ashirin in aika maka takardar jiya. Ina tsaye a layi a gidan waya, mutum uku a gabana, sai na ji ana kwaɗa kira daga titi, "Mama! Mama!" Na juya. Dakta ce, a guje, da takalman roban da ake sawa a ɗakin inji, ɗankwali a hannu. Dakta da ba ta sauri! Ta kama ni tana haki, sai ta ce, "Darma." Na ce me? Ta ce, "Darma, Mama, darma!" Mutanen layi suka ɗauka wani ne ya rasu, wata tsohuwa har ta fara yi mana ta'aziyya.

Ban san na iya gudu haka ba. Na ƙetare titi, mai mota ya zage ni, na ba shi haƙuri ina tafe. Tun daga baranda nake jin ƙararrawar keke, Mai Maɓalli ya ƙi daina kaɗawa. Ɗakin ya cika maƙil, har masu shara. Aka buɗa mini hanya.

Layi uku ne kawai a allon kwamfutar. Na farko, ƙarfe goma da minti bakwai, ƙwaya ta sauka. Na biyu da na uku, bayan wani ɗan lokaci da ko ƙiftawa bai kai ba, gutsure biyu sun fita, ɗaya gabas ɗaya yamma, ɗaya babba ɗaya ƙarami. Na dubi nauyin babban, na ɗaga kai na dubi jan allinmu. Na dubi ƙaramin, na ɗaga kai. Na dubi ƙarfin. Baban yara, duka ukun sun zauna a cikin da'irar, bambancin bai wuce kuskuren awo ba. Na zauna a kan kwandon shara, ban ma san shi ba ne.

A Ƙanen ya zo, na Dakta. Da an bi tawa har ƙarshe da ba mu gan shi ba. Na faɗi haka da ƙarfi a gaban kowa, ta rufe fuska ta ce, "Hanyarki ce." Na ce zaɓinki ne. Mai Maɓalli ya ce to ku raba, ni dai ni na harba.

Farfesa bai yi tsalle ba. Ya sa aka rufe ƙofa, aka shiga neman abin da zai ƙaryata mu: ko wutar lantarki ta yi wargi a wannan daƙiƙa, ko wani ido ya lalace, ko ƙwayar tsagewa ta yi kawai ta faɗo kan lambobinmu bisa katari. Awa biyar ana tonawa. Ba a samu komai ba, sai dai na ƙarshen ba a iya kore shi da ƙwaya ɗaya. Ya ce kada kowa ya ce an gano wani abu, abin da muke da shi alama ce, sai an ga na biyu da na uku. Gaskiyarsa ne, ni ma haka zan ce wa ɗalibaina. Amma da zai fita ya tsaya a gabana, ya ce, "Malama, je ki share hawayenki, akwai rubutu a gabanmu." Ya ce "mu".

Takardar jiya tana jakata, ban aika ba. Zan haɗa su biyu, ka karanta waccan tukuna, kada ka yi satar duba wannan.

Taka, mai murna,
Malama


Ranar Laraba, an kashe inji

Baban yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da kewa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Babba da maigidanta da Auta. Na ji ka karanta wa duk wanda ya shigo shago takardata, har mai kawo ƙusa. Farfesa ya ce alama ce, kai kuma ka gama shelanta wa unguwa. Ba komai.

Jiya da ƙarfe goma sha biyun rana Mai Maɓalli ya kashe injin, ya cire katinsa ya ajiye, shi ke nan aikinsa na shekara talatin. Bayan tamu an samu ƙwaya huɗu, duka alfa. Na biyu bai zo ba. Ba zan ce ban ji ciwo ba, don na san da kwanaki goma sha bakwai ɗin nan suna hannunmu wataƙila da yanzu magana ta ƙare. Wannan nawa ne, zan riƙe shi. Amma ɗayan nan tana nan, an juya ta ta kowace fuska ta ƙi faɗuwa, kuma saboda ita an yi mana alkawarin kwana casa'in baɗi.

Farfesa ya kira ni ofis ya ce in zauna nan gaba ɗaya, za a ba ni kujera. Baban yara, shekara ashirin da shida da suka wuce da na ji wannan magana da na suma. Na roƙi kwana ɗaya in yi tunani, na zagaya wurin ajiye kekuna ya fi sau goma. Na ce masa a'a. 'Yan ajin ƙarshe arba'in da uku suna jirana, jarrabawarsu saura wata huɗu, kuma wanda aka ba riƙon ajin ba ya son darasin. Ga ka kai ma, da gwiwa ɗaya da kunne rabi. Amma na ce masa ban bar aikin ba, kuma ba zan sake barinsa ba. Ni da Dakta za mu ci gaba daga nesa, kowace Asabar, akwai wasu cibiyoyi biyar da ba wanda ya lissafa. Baɗi in an kunna inji ina nan, da hutun makaranta ya dace. Ya ce ya yarda, da sharaɗin duk lambar da na aiko in rubuta inda na samo ta. Na ce na cancanci wannan.

Zan taso ranar Asabar, in iso Lahadi da la'asar. Kwana sittin sun cika, don haka sai ka zo tasha.

Saura magana ɗaya. Shekara talatin ina auren kafinta. Ka yi wa rabin garinmu tebur, ka yi wa makarantarmu, ka yi wa Babba na ɗakinta. Ni kuwa takardar da ta tara farfesoshi a kan tiren abinci na rubuta ta, a gwiwata, ban taɓa tambaya ba, kai ma ba ka taɓa lura ba. To yanzu ina tambaya. Tsawo ƙafa biyar, faɗi biyu da rabi, aljihu biyu masu zurfi, a sa shi ƙarƙashin tagar ɗakin Auta tunda ya tashi. Katako mai kyau, ba ragowar aikin wani ba. Kada ka ce sai ka samu lokaci. Asabar ta sama Dakta za ta kira, kuma ina so ta same ni a zaune.

Sai na zo.

Matarka,
Malama